Hannun Daman Baike

Litinin, da hantsi

Apa, mahaifiyarmu, ta ce in daina zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, in nemi abin yi. To ga shi na samu, ina rubutu.

Baike Kubat, wana, yana asibiti a Bishkek. Yau za su shiga da shi tiyata su sa masa ƙarfe a hannun dama. Ni kuwa ina nan Talas, zaune a kan buhun wake. An ce kada in zo. Ba shi ya faɗa ba, shi bai ce mini komai ba tun ranar Asabar. Matarsa ce ta faɗa, Jenge Cinara.

Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kama sunana ba, yadda ya dace da matar wa. Auta take ce mini. "Auta, zo ka sha shayi." "Auta, fitar mini da wandon kokawar nan kafin warinsa ya kashe mini kaji." Ranar Asabar, a bakin motar asibiti, na miƙa hannu zan kama gadon da aka ɗora shi a kai, ta dube ni tsakiyar ido ta ce, "Tilek, matsa."

Wallahi gara ta mare ni. Na matsa.

Litinin, bayan la'asar

An fito da shi. Ƙasusuwan sangalin hannun duka biyun aka ɗaure da ƙarfe. Likita ya ce ƙashi ba abin damuwa ba ne, jijiya ce abin dubawa. Babban yatsa da biyun da ke binsa ba sa lanƙwasuwa.

A cikin ƙafafuna abin ya faru, a wasan ƙarshe na gasar kokawa, a gaban jama'a. Na rubuta wannan sau ɗaya, ya isa.

Baike bai kira ba.

Talata, da azahar

Jomart ya zo da tasinsa, ya tsaya a ƙofar gida yana danna oda kamar wanda ya zo ɗaukar amarya. Tare muka yi firamare da shi. Shi ke jigilar mutane tsakanin nan da Bishkek, shi ma ya kai mu gasar.

"Kai, gawa, fito!" ya ce. "Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. Na kai masa romon rago, ya ce gishiri ya yi yawa. Mai ƙorafin gishiri ai ba mutuwa zai yi ba."

"Ya tambaye ni?"

Sai Jomart ya hau goge gilashin mota da hannun riga, gilashin da babu ko ɗigon ƙura a kansa. Can ya ce, "Af, tsiyarka fa tana bayan motata. Duk ramin da na faɗa sai ta yi ƙara, har fasinja sun fara tambaya."

Lambar zinariyar yake nufi. Ban hau na karɓa ba, shi aka miƙa wa.

"Jefa ta kogi," na ce.

"Ka jefa da kanka, ni ba yaron gidanku ba ne."

Ya koma da ita.

Laraba, da safe

Apa ta aike ni sayen sukari. Da na sani da na bi ta bayan gari.

Dattawa suna zaune a bencin ƙofar kanti suna shan hantsi. Na yi sallama, na ba kowa hannu biyu. Tsoho Sheishen, aminin marigayi Ata, mahaifinmu, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Ɗan Toktosun ne wannan?" ya tambayi na kusa da shi, kamar ba shi ya yi mini huɗuba ba. "Ubanka na gani da idona ya bar dokin da aka sa kyautar kokawa da sirdinsa a filin biki, don kawai abokin karawarsa ya girme shi da hunturu ɗaya. Ya kama hannun mutumin ya ɗaga sama, ya ba shi hanya, ya dawo gida da ƙafa. Bare ke nan fa. Kai kuwa ciki ɗaya, nono ɗaya. Bin na gaba bin Allah, yaro."

Ni da aka sani bakina ba ya mutuwa, ni da ko alƙalin wasa ba na raga wa, na tsaya ƙiƙam ina kallon takalmina. Ina da amsa. Tana nan a kan harshena tana ƙona ni. Amma in na tofar da ita, a kan Baike za ta sauka.

Na dawo ba sukarin. Apa ta dube ni, ta zuba mana shayi haka nan.

Alhamis, da yamma

Baike bai kira ba.

Juma'a, bayan masallaci

Na je ɗakin horonmu, ƙarƙashin tsohuwar makaranta. Tun ranar a kulle yake, makulli ɗaya yana wurin Baike, ɗaya yana wurina. Ban kunna wuta ba. Na kwanta rigingine a kan katifar ina kallon bututun ruwan da ke rufi.

Ata bai taɓa son wannan kokawar tamu ba. A tasu ta ɗamara, bayanka ya taɓa ƙasa, an gama da kai. A tamu nan ake fara magana. Ranar da ya fara ganina kwance ina kama mutum da ƙafafu sai ya tofar da yawu ya ce, "Na haifi ɗan kokawa ɗaya da kaguwa ɗaya." Baike ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da Ata ya fita ya ce mini, "Ci gaba, kaguwa. Ƙarami ba shi da gida sai ƙasa."

Gaskiya ya faɗa. Ya fi ni shekaru, ya fi ni nauyi da kusan buhun wake guda. Tun ina yaro shi ne a sama, ni ne a ƙasa ina neman numfashi. Duk abin da na iya, a ƙarƙashin nauyin Baike na koye shi.

Har da awartaki. Shi ya raɗa wa kamun wannan suna. Kana kwance, na sama ya miƙo hannu zai danne ka. Ka kama wuyan hannun, ka zagayo da ƙafarka ta waje, ka cusa ƙwaurinka a lanƙwasar gwiwar hannunsa. Sai ka naɗe hannun a kan ƙwaurin, ka kulle da ɗaya ƙafar, ka jawo. Hannunsa ya zama kamar ƙofar da aka sa wa sanda a lungun da take juyawa ana turawa. Ba ƙarfi ake sawa ba, kusurwa ce.

Kullum in zai koya wa sababbi sai ya tsayar da kowa ya ce, "Ku saurara, jakai. Shaƙe wuya yana gargaɗi, murɗe gaɓa yana gargaɗi. Wannan ba ya sallama, zafinsa da ɓarnarsa tare suke shigowa. In an kama ka, ka ja baya ka zare, ko ka bubbuga a sake ka. Kada ka kuskura ka danno gaba, nauyinka ne zai gama da kai."

Da bakinsa. Na ji shi ya fi a ƙirga.

To me ya sa, Baike? Me ya sa?

Asabar, da sassafe

Dusar ƙanƙara ta sauko har rabin duwatsu. Waken Baike yana nan a gona, an tuge an jera, ba a casa ba. In ruwa ya same shi a haka ya tashi aiki.

Ba wanda ya sa ni. Zan tafi.

Litinin, bayan magariba

Hannuwana duk sun fashe, bayana kamar ba nawa ba. Alhamdu lillahi, gara wannan ciwon.

Mai injin casa ya ce layi ya yi tsawo, sai mako mai zuwa. Na ce masa in bai zo yau ba zan kwana a ƙofar gidansa ina waƙa. Ya san muryata, ya zo. Jomart ya taya ni ɗaukar buhuna, yana ɗauka yana tsine wa duk wanda ya fara shuka wake a Talas. Mun jera su a rumfar Baike, na rufe da tamfol.

A bangon rumfar ya rataye tsohuwar ɗamarar Ata. Ban taɓa ta ba.

Laraba, da la'asar

Sun dawo.

Na wanke fuska, na canza riga, na tafi. Na isa bakin shingen na kasa tura ƙofa. Jenge tana tsakar gida tana kallon buhunan. Ta juyo ta gan ni.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni da Jomart."

"An gode, Tilek."

Ta shige ciki. Ta tagar ɗakin shayi na hango shi zaune, hannun a rataye a wuya, ya rame. Ya ɗauki kwanon shayi da hagu, shayin ya zubo masa a gwiwa. Ya ɗago, muka haɗa ido. Na ɗaga hannu. Ya mayar da kansa ga kwanon.

Na dawo ta bakin magudanar ruwa don kada in gamu da kowa. Zuciyata ta karye, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan.

Alhamis, da hantsi

Apa ta soya borsok, fanken nan namu, ta kai masa, ta daɗe a can. Da ta dawo ta zauna ba ta ko cire ɗankwalin fita ba.

"Ya ce wani abu?" na tambaye ta.

"Ya ce man ya ji."

"A kaina nake nufi, Apa."

"Na ce masa ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka..." Sai ta toshe bakinta da tafin hannu. Ta tashi ta fita wurin saniya, ta daɗe tana tatsar abin da ta riga ta tatse da safe.

Ita ma ba ta taɓa tambayata me ya faru ba. Ina jin tsoron amsar take yi.

Juma'a, da yamma

Bai kira ba. Na duba wayar har na fara zargin ta lalace, na sa Jomart ya kira ni. Lafiyarta ƙalau.

Lahadi, da azahar

Bari in faɗa wa takarda, tunda ita ba ta zama a bencin kanti.

Ajin da ba a duba nauyi muka shiga, ni da shi, kowa ta ɓangarensa. Ban yi zaton zan kai ƙarshe ba, sai ga shi na kai, shi ma ya kai. Da aka kira sunayenmu biyu, jama'a suka yi ta tafi suna dariya, don kowa ya san abin da zai biyo baya: ƙane zai fito ya ɗaga hannun wansa, a rungume juna, a tashi.

Na same shi a lungun canza kaya yana naɗe yatsu da filasta.

"Baike, in mun fita zan ɗaga hannunka."

"Ka ɗaga hannun wa?"

"Naka mana. Haka aka saba."

"Ni tsoho ne? Sanda ka ga ina dogarawa?" Ya ciji filastar ya yanke. "Wannan ce gasata ta ƙarshe, Tilek. Gwiwoyina sun gama. Ba zan rataye lambar sadaka kusa da ɗamarar Ata ba. Za ka fito ka yi da gaske."

"Haba Baike, mutane za su ce me?"

"Mutane su ci kansu. Ka ba ni gumi. In an kusa tashi kuma ka ga dama, sai ka ba ni hanyarka a cikin wasa, yadda ba wanda zai gane. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

Muka shiga. Ya kayar da ni kamar kullum, ya hau sama kamar kullum. Ina jin warin man zafin da yake shafa wa gwiwa, ina jin numfashinsa. Daɗi ma nake ji, wallahi, kamar muna gida. Lokaci ya ja. Ya miƙo hannun dama zai kama wuyana, ƙafata ta zagaya da kanta, ƙwaurina ya shige, na kulle. Jama'a suka tashi tsaye.

Ban ja ba. Allah shi ne shaidata, ban ja ba. Na ce a raina, ga hanyar da ta fi kowace kyau. Shi ya koyar da mafitar, zai ja baya ya zare hannu a gaban kowa, ya tsallake ƙafafuna, ya danne ni, ya ci da guminsa. In na buɗe da kaina kowa zai gani, ya zama sadakar da ya ce ba ya so. Sai na riƙe ina jira.

Ya dube ni. Har murmushi ya yi. Sannan ya danno gaba da dukkan nauyinsa.

Sai yanzu, ina kwance ina juya abin, nake ganin me murmushin yake cewa. Lokaci ya yi, Auta, buɗe. Ya tabbata ƙanensa zai buɗe, shi ya sa ya taho ba tsoro. Ni ina jira ya zare, shi yana jira in buɗe. Kowa yana girmama ɗan'uwansa.

Ƙarar ba zan rubuta ta ba.

Litinin, da safe

Jiya na ɗauka in na rubuta zan ji sauƙi. Ƙarya ne.

Laraba, bayan la'asar

Jomart ya kai su Bishkek ganin likita, ya dawo da su. Ya biyo ta nan, bai danna oda ba, ya shigo da ƙafa. Tun daga nan na sha jinin jikina.

"Faɗi," na ce.

"An sa masa wasu wayoyi a hannu ana auna jijiyar. Likita ya ce wataƙila ta farfaɗo nan da shekara, wataƙila kuma... ka dai gane. Kokawa kam, ya ce a manta."

Na zauna a kan buhu, ya ci gaba.

"A hanyar dawowa, can saman dutse, ya ce in tsaya. Ya fita ya tsaya cikin ƙanƙara ba hula, ya daɗe. Matarsa za ta bi shi na ce ta bar shi. Da ya dawo mota sai ya ce mini, 'Wancan yana zuwa horo?' Na ce ina fa, ɗakin ma a kulle yake. Ka san me ya ce?"

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Sakarai.'"

"Da gaske? Haka ya ce?"

"Kai, dubi ɗan banza yana murna an zage shi!"

Na sa shi ya maimaita mini sau biyu, da irin muryar da aka faɗa. Sakarai. Tun ina ɗan ƙarami haka yake ce mini in na bar ƙofar garke a buɗe.

Alhamis, da yamma

Bai kira ba. Amma ya ce sakarai.

Asabar, da hantsi

Jenge ta zo aron babbar tukunya. Za su yanka rago ranar Juma'a, sadakar tsira, yadda ake yi in mutum ya fito daga asibiti. Apa ba ta nan, dole ni na fito da tukunyar daga rumbu. Na ce zan kai mata, ta ce za ta iya. Ta kama kunne ɗaya, na kama ɗaya, muka tsaya a haka.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce. "Me ya hana ka ba shi hanya?"

Na dubi cikin tukunya.

"Ni na wanke maka kaya, ni na ɓoye maka nama in ka yi dare a horo. In ya yi maka faɗa ni ke shiga tsakani. Saboda guntun ƙarfe mai igiya? Yi magana mana! Da bakinka ya fi na kowa."

"Ba ni da abin cewa, Jenge."

"Ka san abin da yake yi yanzu? Likita ya ce ya riƙa tsintar wake ɗaya-ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan. Yana shiga rumfa ya rufe ƙofa don kada in gani. Ina leƙawa ta tsaga. Mutumin da ke saɓa buhu biyu a kafaɗa, yau ƙwayar wake ɗaya ta gagare shi. Sai ya yi ta turawa da gefen hannu kamar..." Ta fizge tukunyar, ta jawo ta a ƙasa har waje.

Ashe bai gaya mata ba. Ko ita. To in shi bai faɗa ba, ni wane ne?

Talata, da azahar

Apa ta ce ni zan yanka ragon.

"Shi ya ce?"

"Wa kake so ya yanka? Maƙwabta, alhali yana da ƙane? Ka wasa wuƙa ka rufe mini baki."

Na wasa ta har tana aske gashin hannu.

Juma'a, bayan magariba

Dole in rubuta wannan yau.

Tun da safe na je. Na yanka, na feɗe, na babbake kai da ƙafafu, na kankare su fes. Ban shiga ɗaki ba, ina wurin wuta ni da Jomart. Bayan an sauko daga masallaci baƙi suka cika ɗakin, dattawa a can ciki, Tsoho Sheishen a tsakiyarsu. Aka yi karatu, aka shafa.

Da nama ya nuna, Apa ta miƙo mini buta da tasa da tawul. Aikin ƙaramin gida ne, ba yadda zan yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba ruwa. Wasu suka sa mini albarka a ciki-ciki, wasu ko kallona ba su yi ba. Na iso gaban Baike na durƙusa. Ya miƙo hagu. Sannan ya ɗago dama da hagun ya ɗora a kan tasar. Ta yi siriri, ta yi fari, ga ɗinki tun daga wuyan hannu har gwiwa, yatsun uku a miƙe. Na zuba ruwan a hankali. Ban san lokacin da na kama ta na goge da tawul ba, yatsa bayan yatsa. Bai janye ba.

Aka kawo kan ragon a faranti. Tsoho Sheishen ya ɗanɗana, ya tura wa mai gida. A gidanmu tun rasuwar Ata, Baike ne ke yanka kai ya raba. Kuma kullum ni yake fara miƙo wa kunne, ya ce, "Ungo, ko ka fara jin magana." Kowa ya yi dariya, ni in cinye ina gunaguni.

Ya ɗauki wuƙar da dama. Ta zame ta faɗi a kan shimfiɗa. Ya sake ɗauka, ya matse ta da ƙananan yatsun biyu, ya kai ta jikin kan, ta sake zamewa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin tafasar shayi daga waje. Wani ya ce, "Kawo in taya ka, Kubat." Ya girgiza kai.

Ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage.

"Sheishen-aba," in ji Baike, "na ji an ce kun yi wa yaron nan faɗa a ƙofar kanti."

"Mun faɗa masa abin da ubansa zai faɗa masa."

"To ba shi za ku yi wa ba. Ya zo har inda nake ya ce zai ɗaga hannuna. Ni na hana shi. Na ce ba na son sadaka." Ya ci gaba da cewa, "Kamun da ya yi mini, ni na koya masa, ni na koya wa kowa kada a danna gaba. Na danna. Wata guda yana yawo da zagin garin nan a kansa, bai buɗe baki ba, ni kuma ina zaune a rumfa na bar shi. Kunya ce ta hana ni kallonsa, ba fushi ba."

Jenge tana durƙushe wurin kwanonin shayi. Ta ajiye butar shayin a hankali, ta rufe fuska da gefen ɗankwali.

Baike ya sa hagu ya turo farantin har bakin shimfiɗa, wajen da nake.

"Zauna ka yanka."

"Baike, ba zan..."

"Yau ni na ba ka hanya. Kada ka yi irin tawa."

Na kasa motsi. Sai Jenge ta miƙa hannu ta ɗauko wuƙar daga gaban mijinta, ta goge ta da tawul, ta juyo mini da ƙotar.

"Auta," ta ce, "karɓi mana, nama yana hucewa."

Na zauna. Ban ga abin da nake yankawa sosai ba, idona ya cika. Na yanke kunnen na riƙe shi a hannu kamar wawa, don ban san wa zan ba ba. Duk ɗakin babu wanda na girma.

Baike ya miƙo tafin hagu.

"Kawo nan," ya ce. "Ni ne ban ji magana ba."

Tsoho Sheishen ya yi wata 'yar dariya, ya goge ido da hularsa. Na sa masa kunnen a hannu, ya ci. Damar tana kan cinyarsa a buɗe, yadda ya ajiye ta.

Asabar, da sassafe

Baike ya kira.

"Sakarai, ka tashi?"

"Na tashi, Baike."

"Zo ka ɗaure mini sirdi. Ina so in hau in duba tumaki, ɗamarar sirdin ta ƙi jawuwa." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ka zo da wuri kafin mutane su fito."

Shi ya koya mini ɗaura sirdi, ina tsaye a kan bokiti don ban kai cikin doki ba.

Wannan kiran nake jira tun waccan Asabar ɗin. Na ajiye wayar, na zauna a kan buhun wake na yi kuka mai isata, sannan na sa takalmi na tafi.